Iyaka, Fansho Da Akwatin Ƙuri'a

'Yan'uwa talakawa, makon nan da wanda ya wuce gardama ta yi zafi a rassan jam'iyyarmu, har wasiƙu suka taru a ofis, kowa yana so jaridar nan ta goyi bayan maganarsa. Mun karanta su duka, mun ga masu gardamar sun rabu kashi uku. Kashi na fari sun ce a ƙyale Shugaban Ƙasa da tsarinsa na ciniki, tun da farashin hatsi ya sauko a shekarar 2025 bayan tsananin 2024. Kashi na biyu sun ce ina ruwan ɗan kasuwa da kukan tsofaffin sojoji, alhali kuwa masu kaki ne ke tsare motocin kayanmu a shinge. Kashi na uku sun ce duk wannan surutu ne, ƙuri'a ba ta da amfani, gara mutum ya buɗe rumfarsa ran zaɓe ko ya sami na cefane.

To, mu amsarmu ita ce, kowane kashi ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma ya saki saura. Abubuwan nan uku igiya ɗaya ta ɗaure su. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, da shekarunsu da lissafinsu, don kada wani ya ce zafin adawa ne ya ke magana.

Mu fara da ciniki. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Ƙasa ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun kuɗin ƙasashen waje daga hannun Gwamnati, shinkafa na cikinsu. A watan Nuwamba na shekarar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya je Jihar Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance. Ran 7 ga Yuli 2019 ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki ba shinge tsakanin ƙasashen Afirka. Ba a yi wata biyu da wannan sa hannu ba, sai aka wayi gari a watan Agusta an rufe iyakokin ƙasa. A Oktoba aka ce kowane irin kaya ba shiga ba fita ta kan tudu. A Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Sai ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfun. Jibiya da Kamba kuwa sai da suka jira har Afrilu 2022.

Ba za mu ɓoye hujjar Gwamnatin wancan lokaci ba, don hujja ce mai nauyi. Gaskiya ne tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta kan sauke shinkafar Asiya fiye da abin da mutanen ƙasar Benin za su iya ci, kuma kowa ya san inda ragowar ta ke bi da dare. Gaskiya ne a lokacin ana fita da manmu mai rangwame a sayar a ƙetare. Gaskiya ne kuma manoman shinkafa a Kebbi da Jigawa da Kano sun ga kuɗi a shekarun nan, an kafa injinan casa da yawa, samari sun sami aiki. Wanda ya musa wannan bai yi adalci ba, mu kuwa ba mu musa ba.

Amma ina laifin mai albasa? Ina laifin mai wake, da mai tattasai, da mai goro, da bafatake mai kora awaki daga Maraɗi, da mai ɗinkin takalma da ke kai kayansa Damagaram? Waɗannan ba su taɓa ɗaukar buhun shinkafar fasa-ƙwauri ba, amma ƙofar da aka rufe don ɓarawo ita ce aka rufe da su. Motoci sun yi layi a bakin iyaka har kayan gwari suka ruɓe, mai kaya ya dawo gida da bashi. Manyan 'yan fasa-ƙwauri kuwa ba su daina ba, hanyar daji suka koma, kuɗin da su ke bayarwa a hanya ya ƙaru, suka ɗora shi a kan buhu, mai saye da kwano ya biya.

Sa'an nan aka yi canjin Shugaba, jam'iyya ɗaya ce dai. Ran 29 ga Mayu 2023, a wurin rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya ce rangwamen mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A watan Yuni aka saki naira, dalar da Gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Bazoum a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyakar arewa, aka yanke wutar lantarkin da a ke ba su, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Oktoba 2023 aka soke waccan doka ta hana kuɗin waje ga masu shigo da kaya. A Yuli 2024 kuma aka yi shelar ɗauke kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama casa ba.

Ku duba da kyau, jama'a. Shekara takwas ana ce wa manomi ya faɗaɗa gona, ya ci bashi, Gwamnati ta tsare masa ƙofa. Da ya faɗaɗa, ya sayi taki da tsadar sabuwar dala, ya sayi man injin ban-ruwa da sabon farashi, sai aka buɗe ƙofar nan. To, ga amsarmu ga 'yan kashi na fari. Saukin da mai saye ya samu a 2025 sauƙi ne na gaske, muna kuwa murna da duk abin da zai sa yaro ya kwana da abinci a ciki. Amma ku tambayi manomin da ya sayar da buhunan masara bai mayar da kuɗin takinsa ba, ku tambayi ɗan kasuwar Dawanau da ya cika sito da tsada ya fitar da araha. Manomin da ya faɗi bana zai rage gona baɗi, in kuwa ya rage, tsadar da muka kora ta ƙofa za ta dawo ta taga.

Sabo da haka ba mu ce rufewa ce kaɗai daidai ba, ba mu kuma ce buɗewa ce kaɗai daidai ba. Mutanen kirki sun saɓa a kan wannan a kowace ƙasa, har a cikin jam'iyyarmu manomi da mai shago ba bakinsu ɗaya ba. Laifin da mu ke kamawa shi ne yadda a ke yin abin: da dare, da bakin mutum ɗaya, ba sanarwa, ba shawara da masu kasuwa, ba muhawara a Majalisa kafin a zartar. Mai babban jari yana da sito, yana da banki, yana da wanda zai raɗa masa abin da ke tafe, kowace hanya iska ta kaɗa zai ci riba. Mai jarin buhu goma kuwa a rediyo ya ke jin labarin karyewarsa. Ciniki yana iya jure tsada, yana iya jure araha, abin da ba ya iya jurewa shi ne doka ta kwana ɗaya ta tashi wata.

Yanzu mu koma ga 'yan mazan jiya. 'Yan kashi na biyu sun ce ba ruwanmu. Haba 'yan'uwa! Wane ne mai gadin layinku a kasuwa da dare, mai tsohuwar rigar sanyi da tocila? Sau nawa in kun tambaya za ku tarar tsohon kofur ne ko saje? Wace ce mai ƙosai a bakin bariki in ba matar wanda bai dawo daga daji ba? Janar ba ya cikin maganarmu, shi ya san inda ya ke. Farabiti da kofur da saje 'ya'yan talakawa ne, daga ƙauyukanmu aka ɗebe su, cikinmu kuma su ke dawowa in ƙarfi ya ƙare. Wanda ya karɓi na goro a shinge laifinsa na kansa, a kama shi a hukunta. Wannan ba ya ɗauke hakkin wanda ya bar ƙafarsa a fagen fama.

Tarihinsu dogo ne. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, a zamanin yaƙin Hitila. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yayyenmu sun je Laberiya tun 1990, suka je Saliyo. Tsararrakinmu da ƙannenmu su ne a dajin Sambisa da bakin Tafkin Cadi da dazukan Zamfara. Kowace shekara ran 15 ga Janairu a kan taru a Abuja, a ajiye furanni, a saki farar tantabara, manya su sayi tambarin tunawa da kuɗi mai yawa a gaban masu ɗaukar hoto. Madalla. Amma a Janairu 2022, da Disamba 2024, da kuma Janairu 2025, tsofaffin sojojin nan sun je sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya suna neman ariyas ɗinsu. Dattijon da ya saba da bin umurni ba ya zaman dirshan a titi sai abin ya kai masa iya wuya. Ku tuna kuma, daga 1999 zuwa 2023 shekara 16 cur tsofaffin janar-janar ne ke kan kujerar Shugaban Ƙasa, takwas Obasanjo, takwas Buhari. Ashe ba rashin sanin halin soja ne ya kawo wannan ba.

Ga inda igiyar ta haɗu da kasuwa. Ɗan kasuwa in kaya sun tashi ya kan ɗaga nasa farashi, ko da ciniki zai ragu. Mai fansho ba shi da abin ɗagawa. Buhun shinkafa mai kilo 50 da a ke samu wajen naira 10,000 kafin 2015 ya haura naira 70,000 a 2024. Mafi ƙanƙantar albashi ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a Yuli 2024, amma ƙarin da ya kamata ya biyo baya a fansho ya kan makara, shi ne ya ke taruwa ya zama ariyas. Alhali sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fansho kowace shekara biyar, ko kuwa duk lokacin da aka duba albashin ma'aikatan Tarayya, wanda duk ya riga zuwa. Watau abin da dattawan nan ke nema hakki ne rubutacce. Kuma kuɗin nan in an biya ba Landan za su tafi ba. A rumfarka za a kashe su, a wajen mai hatsi da mai magani da tela. Ariyas ɗin tsohon soja cinikinka ne aka riƙe.

Akwai abin da ya faru a ƙasar Gana wanda ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya sani. A Janairu 1948 wani basarake a Ankara, Nii Kwabena Bonne, ya jagoranci jama'a suka ƙaurace wa kantunan Turawa sabo da tsadar kaya. Ran 28 ga Fabrairu tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna takardar kuka kan alkawuran da ba a cika musu ba. Aka tare su a hanya, wani Baturen ɗan sanda ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Gari ya hargitse kwana da kwanaki, aka fasa kantuna, mutum 29 suka rasu. Ba mu kawo labarin nan don mu yaba tarzoma ba, don a tarzoma rumfar talaka ce ke fara cin wuta. Mun kawo shi ne don ku ga kukan kasuwa da kukan soja rana ɗaya suka haɗu, ku kuma ga inda abin ya ƙare: aka kafa kwamitin bincike, aka sake tsarin mulki, aka yi zaɓe a Fabrairu 1951, Kwame Nkrumah ya ci kujerarsa yana cikin kurkuku, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kama ragamar Gwamnati. Abin da jifa bai kawo ba ƙuri'a ta kawo.

To, sai mu zo ga 'yan kashi na uku. Mun san dalilinku, ba kuwa za mu ce ƙarya ku ke yi ba. A 2019 an ɗage zaɓen Shugaban Ƙasa da tsakar dare, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, bayan mutane sun kashe kuɗin mota sun tafi garuruwansu. A 2023 aka shiga zaɓe cikin wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na sayen garin tuwo, masu kayan gwari suka yi ta karyar da kaya don ba mai tsaba a hannu. Hukumar Zaɓe ta yi alkawarin sa sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, amma na zaɓen Shugaban Ƙasa bai hau a kan lokaci ba, ta ce na'ura ce ta sami matsala. Aka je kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen ran 26 ga Oktoba 2023. Duk wannan ya faru.

Amma ku zo mu yi lissafi irin na kasuwa. Mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajista a 2023. Waɗanda suka fita ba su wuce wajen miliyan 25 ba, watau kashi 27 cikin 100. Tinubu ya sami miliyan 8 da dubu 794. Waɗanda suka zauna gida sun ninka masu zaɓensa har sau bakwai. Ashe babbar jam'iyya a Nijeriya ita ce jam'iyyar zaman gida, ita ce kuwa ba ta da ko kansila ɗaya. Mai mulki ba ya jin tsoron wanda ya yi fushi ya zauna a rumfa, daɗi ma ya ke ji, don in masu fita sun yi kaɗan, sayensu da taliya da sabulu da turmin atamfa ba ya da tsada.

In kuwa an ce ƙuri'a ba ta kayar da mai mulki, me ya faru a 2015, da Shugaba Jonathan yana kan kujera ya faɗi, ya buga waya ya amsa kaye? Me ya faru a 2023, da Tinubu ya rasa Ikko, garin da ya yi wa gwamna shekara takwas, Peter Obi ya cinye, Kwankwaso kuma ya cinye Kano? Inda jama'a suka fita da yawa, suka tsaya har aka ƙirga a gabansu, maguɗi ya kan yi wuya.

Mu ma 'yan adawa sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Atiku ya sami kusan miliyan 7, Obi miliyan 6 da 'yan kai, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. In an haɗa sun haura miliyan 14. Ba na'ura ce ta raba wannan gida uku ba, manyanmu ne. Muna faɗa musu a nan, da ladabi, talakawa ba za su sake tsayuwar rana don kowa ya gwada tsawonsa ba.

Kada kuma mu manta da kuɗin da aka biya kafin takardar nan ta zo hannunmu. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, talakan Arewa ba ya zaɓen wakilinsa kai tsaye, sai ta matakai, a tace a sake tacewa har a zubar da zaɓinsa. Mutanen Malam Aminu Kano sun sha bulala da ɗauri a kan wannan. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da yawa, matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen Tarayya ba sai 1979. Iyayenmu mata na kasuwa, abin da aka ɗaure wata dominsa bai kamata a bayar da shi a kan sabulu ba.

Ga abin da jaridar nan ta ke nema, wanda kuma mu ke so kowane reshe ya tambayi duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya a zaɓen 2027, har da namu:

Na ɗaya, kada a sake rufe iyaka, ko a hana wani kaya, ko a ɗauke kuɗin fito, sai an ba da sanarwar aƙalla wata uku, an kuma kai maganar gaban Majalisa, in ba yaƙi ko annoba ba.

Na biyu, kafin a taɓa dokar abinci a saurari ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma a fili, kuma kada a buɗe ƙofar hatsin waje a bakin kaka.

Na uku, a kafa allo a kowace ƙofar iyaka da kuɗin fiton kowane kaya, da Hausa da sauran harsunan wurin, kuma ko kwabo aka karɓa a ba da rasit.

Na huɗu, a bi sashe na 173 yadda ya ke. Ranar da aka ƙara albashi, ranar za a ƙara fansho. A biya matan da marayun waɗanda suka rasu a bakin aiki cikin lokaci ƙayyadadde, kada a kuma tilasta wa tsoho mai sanda doguwar tafiya don a tabbatar yana da rai.

Na biyar, a liƙa sakamakon kowace rumfa a bango, a ba wakilin kowace jam'iyya kwafinsa da sa hannu, a kuma aika da hotonsa kafin kowa ya bar wurin.

Namu aikin kuwa ba sai mun jira kowa ba. Rumfunan zaɓe a 2023 sun haura 176,000, kowace tana bukatar wakili wanda ya iya karatu da ƙirga, wanda ba ya tsorata, wanda yunwa ba za ta kore shi da la'asar ba. Sakatarorin rassa su fara rubuta sunaye tun yanzu. Ku nemi tsofaffin sojojin unguwarku ku gaishe su, ku ji kukansu, ku gayyace su taro, don mutumin da ya saba tsayuwar gadi dare har asuba ba zai bar akwati don an daka masa tsawa ba. Kowane layi a kasuwa ya sa asusu, ko naira ɗari-ɗari ne a mako, don abincin wakilai da kuɗin motarsu, kada mu bari wani ya ciyar mana da su. Wanda katinsa ya ɓata, ko ya sake gari, ko ɗansa ya cika shekara 18, ya je ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukumarsa ya tambayi yadda za a yi. A yi komai cikin lumana, ba zagi, ba jifa, ba ɗaukar makami.

Gardamar da ku ke yi a rassa abu ne mai kyau, ku ci gaba da ita, shafin wasiƙu a buɗe ya ke ga wanda bai yarda da mu ba. Amma in an tashi daga taro, kowa ya laluba aljihunsa ya tabbata katinsa na nan.

Allah ya ba talaka sa'a.